Yadda Ake Fitar Da Irin Tumatir Mai Jure Cuta Don Noman Da Ba Sinadari

Manomin da ya yanke shawarar noma ba da sinadari ba, makamansa a kan cutar tumatir kaɗan ne. Yana da juya shuka daga shekara zuwa shekara, yana da taki mai kyau da tsabtar gona, sai kuma feshin tagulla wanda shi ma an sa masa iyaka. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun 2019, ba a yarda a zuba fiye da kilo 28 na tagulla a hekta ɗaya cikin shekara 7 ba, saboda yana taruwa a ƙasa yana lalata ƙananan halittun cikinta. Idan kuwa cuta ta riga ta shiga jijiyar shuka, ko bairas ya kama ta, babu feshin da zai fitar da shi, ko na sinadarin ne. Kariyar da ta rage ita ce wadda shukar ta zo da ita tun daga ƙwayar iri.

Yawancin irin da kamfanoni ke sayarwa an zaɓe su ne a gonakin da ake zuba takin zamani ana feshi a kan lokaci. Suna iya yin kyau a gonarka, suna iya ba ka kunya. Tumatir kuwa yana cikin shukokin da suka fi sauƙin haɗa iri da hannu: furensa shi ke yi wa kansa barbara, ɗa guda yana ba da ƙwayoyi masu yawa, kayan aikin ba su wuce matsefata da zare da littafi ba. Abin da aikin ke ci shi ne lokaci. Daga ranar haɗawa zuwa iri tsayayye, wanda duk abin da ka shuka daga gare shi ke fitowa kama ɗaya, ana bukatar zuriya 6 zuwa 8. Mai noma sau ɗaya a shekara ya shirya wa shekaru kusan haka. Mai iya shuka biyu a shekara zai rage rabi.

Fara da sanin cutar da ke cinye maka gona

Nan mutane da yawa ke ɓata shekarunsu. "Tumatir ɗina yana bushewa" ba sunan cuta ba ne, kuma juriyar da ke tare wata cutar ba ta taɓuka komai a kan wata. Kafin ka taɓa fure ko ɗaya, ka ba da kaka guda wajen kallo da rubutu.

Idan shuka ta yi yaushi farat ɗaya alhali ganyenta kore shar, yanke karan kusa da ƙasa ka tsoma bakin a ruwa mai haske cikin kofin gilashi, kada ka motsa. In bayan 'yan mintoci ka ga farin zare kamar hayaƙi yana saukowa daga yankan, yaushin bakteriya ne, wanda Ralstonia solanacearum ke kawowa. Idan yaushin a hankali yake zuwa, ganyen ƙasa na yin rawaya, sau da yawa ta gefe ɗaya na shukar, ka tsaga karan ka ga jijiyoyin ciki sun koma ruwan ƙasa, to alama ce ta Fusarium ko Verticillium. Shukar da ta tsumbure tana yaushi da rana tana farfaɗowa da yamma, tuge ta: ƙulle-ƙulle a saiwa aikin tsutsar saiwa ne, wato nematod.

Na ganye su ma kowace da kamanninta. Tabo mai ruwan ƙasa da zobe cikin zobe, yana farawa daga tsofaffin ganye, ƙunar Alternaria ce. Babban tabo kamar an zuba tafasasshen ruwa, da farin gashi a bayan ganye da safe, yana cinye gona cikin mako guda a yanayin sanyi da laima, wannan Phytophthora infestans ce, wadda ta lalata dankalin Ayalan daga 1845. Ganyen sama ƙanana, sun kofe sun yi rawaya a baki, fure na zubewa, ga farin ƙuda na tashi in ka girgiza shuka: bairas ɗin nannaɗe ganye ne, wanda ake rubutawa TYLCV.

Inda akwai ɗakin gwajin cututtukan shuka, kai samfur a tabbatar maka. Daga nan ka zaɓi cuta ɗaya, ko biyu in ka matsa. Lissafin da ke tafe zai nuna maka dalilin da ya sa uku ta yi wa mai farawa yawa.

Inda juriyar take

Asalin tumatir yammacin Kudancin Amurka ne, yankin Peru da Ekwado, aka ƙarasa mayar da shi amfanin gona a Meziko. A wannan doguwar tafiya ya bar mafi yawan arzikin gadonsa a wurin danginsa na daji, kuma kusan duk juriyar da ake taƙama da ita yau daga can aka ɗebo ta. Charles Rick na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya shafe shekaru yana tattaro waɗannan dangi daga tsaunukan Andes, cibiyar adana irin tumatir ta jami'ar ma sunansa take ɗauke da shi. Ƙwayar gado, wato ɗan abin da ke ɗaukar hali daga iyaye zuwa zuriya, mai suna I, ta farko da ta tare Fusarium, daga ɗan mitsitsin tumatirin daji Solanum pimpinellifolium aka samo ta wajen 1940. Mi, mai tare tsutsar saiwa, daga Solanum peruvianum ta fito a shekarun 1940, kuma sai da aka ciro ɗan tayin iri aka rene shi a ɗakin gwaji kafin haɗin ya rayu. Ty-1 da Ty-3 na bairas ɗin nannaɗe ganye daga Solanum chilense suke, Ty-2 daga Solanum habrochaites. Ph-2 da Ph-3 masu tare Phytophthora daga pimpinellifolium. Na yaushin bakteriya, layin, wato tsayayyen irin, da masu bincike suka fi dogara da shi sunansa Hawaii 7996.

Shawarata ita ce kada mai farawa ya koma wa na daji kai tsaye. Wasunsu ba sa haɗuwa da tumatirin gida sai da dabarun ɗakin gwaji, waɗanda suka haɗun kuma suna jawo ƙananan 'ya'ya da ɗanɗano marar daɗi da za ka yi shekaru kana wankewa. An riga an yi maka wannan wahalar. Juriyar tana nan a cikin irin zamani da layukan cibiyoyin bincike, irin su Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya da ke Taiwan, wadda aka kafa a 1971, take kuma raba iri ga masu bincike da masu haɗa iri. A jikin fakitin iri za ka ga haruffa: V na Verticillium, F na Fusarium, N na tsutsar saiwa, T na bairas ɗin dabbare-dabbare, mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare. Wasu kamfanoni suna rubuta Fol na Fusarium, Rs na Ralstonia, Pi na Phytophthora, da TYLCV, tare da HR in juriyar mai ƙarfi ce, IR in matsakaiciya ce.

Juriya iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ke tsara dukan aikinka. Akwai wadda ƙwayar gado ɗaya ke ɗauke da ita. Tana da ƙarfi, tana da sauƙin gani da sauƙin ɗorawa a kan wani iri, amma cuta na iya canza salo ta tsallake ta. Fusarium ya tsallake I, aka kawo I-2. Ya sake fito da nau'i na uku a Ostareliya a ƙarshen shekarun 1970, aka nemo I-3 daga Solanum pennellii. Ƙwayar Tm-2² ta tare bairas ɗin dabbare-dabbare shekaru gommai, sai ga sabon bairas, ToBRFV, ya bayyana a Isra'ila a 2014 da Jodan a 2015, ya wuce ta kamar babu. Mi kuma tana da nata raunin: idan zafin ƙasa ya zarce digiri 28 a ma'aunin Selsiyos ya daɗe a haka, ƙarfinta na raguwa sosai.

Ɗaya juriyar ita ce wadda ƙwayoyin gado da yawa suka yi taron dangi a kanta, kowace da ɗan nata. Shukar tana kamuwa, amma cutar tana tafiyar hawainiya, har a gama ɗiban 'ya'ya ba ta gama da ita ba. Juriyar Alternaria da ta yaushin bakteriya irin wannan ce. Tana da wuyar zaɓe, ba ta burge ido, amma tana daɗewa. Ni a ganina mai noman da ba sinadari ya fi kowa bukatarta, domin ranar da juriyar ƙwaya ɗaya ta karye ba shi da feshin da zai koma wa. Abin nema shi ne a ɗora ƙwaya ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kan shukar da dama can mai tauri ce.

Zaɓen iyaye

Ɗaya daga cikin iyayen ya zama irin da ka riga ka sani yana son ƙasarka da yanayinka, mai ɗanɗano da siffar da kake so. Ɗayan shi ne mai juriya. Shuka su gefe da gefe kaka guda kafin ka haɗa, a wurin da cutar take, ka gani da idonka cewa mai juriyar yana jurewa a gonarka. Rubutun jikin fakiti bai san nau'in cutar da ke ƙasarka ba.

Idan mai juriyar haɗaɗɗen iri ne, wanda aka rubuta F1 a jikinsa, ka sani cewa mai yiwuwa kwafi ɗaya kawai na ƙwayar juriyar yake da shi, daga uwa ko daga uba. In ka haɗa shi da naka, rabin 'ya'yan ne za su gaje ta, don haka dole ka shuka da yawa ka tantance. Akwai ma hanya mafi gajarta ga wanda hannunsa bai saba ba: ka ɗauki F1 mai kyau da ke ɗauke da juriyar, ka ajiye ƙwayarsa ka shuka. Abin da zai fito F2 ne, wato zuriya ta biyu, kamfani ya riga ya yi maka haɗin.

Sai dai a duba doka. A tsarin kare haƙƙin masu haɗa iri na UPOV, wanda aka kafa a 1961, an yarda a yi amfani da iri mai kariya wajen fitar da sabon iri. Amma wasu iri, musamman a Amurka, suna da rajistar mallakar fasaha da ta hana hakan, wasu kuma sharaɗin na rubuce a jikin jakar. Ƙa'idojin noman da ba sinadari kuma sun haramta irin da aka sauya wa ƙwayar gado a ɗakin gwaji.

Haɗawa da hannu

Furen tumatir yana da sassan maza da suka haɗu suka yi ɗan mazugi rawaya, a tsakiyarsa kuma siririn tsinken mace. Garin barbara yana zuba ne ta cikin mazugin, shi ya sa furen ke auren kansa. Aikinka ka cire mazan kafin su nuna, ka kawo garin wani.

Da safe ko da yamma, lokacin da ba zafi, nemi toho a jikin shukar da za ta zama uwa, wanda ya rage kwana ɗaya ko biyu ya buɗe: koren ganyayen gindinsa sun fara rabuwa, furen na tsakanin kore da rawaya mai haske. In ya yi rawaya sosai ya fara buɗewa, ka makara. Tohon gungu na biyu ko na uku ya fi kamawa. Goge matsefata da hannunka da sifirit. Riƙe gindin tohon da yatsu biyu, ka soka bakin matsefata ta gefen mazugin, ka tsaga shi ka zare, ko gaba ɗaya ko ɗaya bayan ɗaya. Tsinken macen ne abin kiyayewa. In ya karye ko ya ƙuje, bar wannan ka nemi wani. Sauran furanni da toho na gungun ka tsinke su, don kada ka rikice daga baya.

A wurin uba kuma fure buɗaɗɗe kake so, mai rawaya sosai. Da hantsi, bayan raɓa ta bushe, riƙe wani abu baƙi mai santsi a ƙarƙashinsa ka ɗan ƙwanƙwasa furen, za ka ga farin gari ya zubo. Ko ka cire mazugin ka bar shi ya kwana a takarda a inuwa, washegari ka tsaga ka kakkaɓe. Dangwala kan tsinken macen a cikin garin har ka ga ya yi fari. Kana iya yi nan take, amma maimaitawa washegari yana ƙara kamawa, domin a lokacin ne macen ta fi karɓa.

Yanke rabin tsawon guda biyu daga cikin koren ganyayen gindin furen; wannan shaida za ta bi ɗan har ya nuna. Ɗaura zare da 'yar takarda, ka rubuta da fensir sunan uwa, alamar ×, sunan uba, da kwanan wata. Uwa ake fara rubutawa kullum. In gonar na da ƙudan zuma da yawa, rufe da 'yar jakar takarda na kwana 3 ko 4. Cikin mako guda za ka ga gindin ya fara kumbura in ya kama, ko ya yi rawaya ya faɗi. Yi fure 10 ko fiye a kowane haɗi, kuma ka guji lokacin tsananin zafi: in rana na wuce digiri 32 dare kuma bai sauka ba, garin barbara na mutuwa.

Akwai wata dabara mai amfani. Siffar ganye mai faɗi marar yanka-yanka, irin na dankali, ɓoyayya ce a gado. Haka ma gajartar shukar da ke tsayawa da girma. Idan ɗaya daga cikin iyayen na da ɗayan waɗannan, mai da shi uwa. 'Ya'yan da suka fito da ganyen uba ko tsayin uba, haɗin ya yi. Waɗanda suka fito sak uwa, furen ne ya auri kansa, sai a tuge.

Bar ɗan tumatirin da ka haɗa ya nuna sarai. Matse ƙwayoyin da ruwansu a kofi, bar su su yi tsami kwana 1 zuwa 2 in ana zafi, 3 in ana sanyi, har yauƙin ya saki. In suka wuce haka sai su fara tsira a ciki. Wanke, zubar da masu tasowa saman ruwa, shanya a inuwa a baje har su bushe ƙayau, sa a ambulan ka rubuta.

F1 da F2: lissafin da ba a tsallakewa

Idan iyayen biyu tsayayyun iri ne, zuriyar farko duk kama ɗaya take, ba abin zaɓe. Shuka 5 ko 6 sun isa, ka bar su su auri kansu ka tara ƙwaya da yawa. Rabin wannan ƙwayar ka adana, kada ka shuka duka.

A F2 ne gado ke watsewa, kowace shuka da halinta. Tun 1866 Gregor Mendel ya wallafa lissafin. A ƙwayar gado ɗaya mai rinjaye, cikin kowace shuka 4, uku za su jure ɗaya ta kamu. Amma cikin ukun nan, ɗaya ce kawai ta gaji juriyar ta ɓangaren biyu. Sauran biyun suna ɓoye da rauni, kuma zai fito a 'ya'yansu. Ke nan wadda kake nema 1 ce cikin 4. In ƙwayoyi biyu kake so a tare, 1 cikin 16. In uku, 1 cikin 64. Don ka sami tabbacin kashi 95 cikin 100 cewa ko guda ɗaya za ta fito, kana bukatar shuka 11 a ƙwaya ɗaya, 47 a biyu, 191 a uku. Kuma wannan guda ɗayar ba lallai ta zama mai daɗi ko mai yawan 'ya'ya ba. Shi ya sa shuka 150 zuwa 300 daga haɗi ɗaya suka fi shuka 30 daga haɗi goma.

Wani abin da ke dagula lissafin shi ne maƙwabtaka. Tumatir na da kuromosom 12 bibbiyu, wato zarurrukan da ƙwayoyin gado ke jere a kansu, kuma ƙwayoyin da ke kusa da juna a kan ɗaya tare suke tafiya. Mi da Ty-1 duk suna kan na 6. Ph-3 da Sw-5, mai tare wani bairas dabam, suna kusa a kan na 9. In ɗaya na wurin uwa ɗaya na wurin uba, haɗa su a shuka guda yana bukatar yawan da ya zarce na sama nesa ba kusa ba. Ya fi sauƙi ka nemo layin da aka riga aka haɗa su a ciki.

Gonar gwaji: a bar cutar ta shigo

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne ya fi yi wa manomi ciwo, domin duk tarbiyyarsa ta ceton shuka ce. A gonar gwaji ba a ceto. Ba feshin tagulla, ba tsinke ganye mai tabo, ba lallashi. Shukar da ka ceta ta ɓoye maka gaskiyarta, kuma za ka ɗauki rauninta ka kai zuriya ta gaba. Taki da ban ruwa da ciyawar rufe ƙasa su zama daidai yadda za ka yi a noman ka na gaskiya, kada ka fifita wurin. Kana neman shukar da saiwarta ke iya cin taki mai sakin abinci a hankali, kuma ba za ka gane ta ba in ka cika ƙasar da abinci.

Babban maƙiyinka a nan shi ne shukar da ta tsira don cutar ba ta iso ta ba, ka ɗauka juriya ce. Maganinsa shi ne shaidu. Bayan kowane layi 3 ko 4, sa layin irin da ka san yana kamuwa da sauri, domin ya yaɗa cutar ko'ina. Sa iyayen biyu a wurare dabam-dabam a cikin gonar. In layin mai rauni bai kamu ba, gwajin wannan kakar bai yi ba, ko da duk sauran sun yi kyau. Ajiye ƙwaya daga shuka da yawa ka sake.

Cutar ƙasa ba ta bazuwa daidai, wani lungu ya yi tsanani wani babu. Ga tsutsar saiwa, tukwane sun fi: cakuɗa ƙasa da yankakkun saiwoyi masu ƙulli sosai, raba daidai, dasa, bayan mako 6 ka zazzage ka duba saiwa. Wadda ta fito da tsabta sai a sake dasa ta a ɗebi iri. Ga bairas ɗin farin ƙuda, a bar dashen tun yana ƙarami a inda ƙudan yake. Amma akwai haddi: kada ka ɗauko ƙasa ko shuka mai cuta ka kai gona mai lafiya. Ralstonia da Fusarium in sun zauna a ƙasa shekaru suke yi. Yi gwajin a inda cutar take tun asali. Phytophthora kuma iska ke ɗaukarta zuwa nesa, don haka da zarar ka gama auna ta, tuge waɗanda suka kamu ka binne, saboda tumatir da dankalin maƙwabta.

Kowace shuka da lambarta. Sau ɗaya a mako, a rana ɗaya, zaga da littafi ka ba kowace maki daga 0, wato ba alama, zuwa 5, wato ta mutu. Kada ka jira ƙarshen kaka ka duba sau ɗaya, domin juriyar nan mai ɗorewa a saurin cutar ake ganinta: shuka biyu na iya ƙarewa a maki 4, amma ɗaya ta kai can a mako na uku, ɗaya a na takwas. Yi hattara da Alternaria musamman. Ta fi kama shukar da ta ɗauki 'ya'ya da yawa da wuri, don haka mai jinkirin haihuwa ko mai rowar 'ya'ya sai ta yi fes kamar mai juriya. Kwatanta masu nuna lokaci ɗaya da juna.

Duba kuma surar shukar. Mai ganye a buɗe tana shan iska ta bushe da wuri bayan ruwa, cutar ganye ba ta samun zama. Amma in ta buɗe da yawa rana na ƙona 'ya'yan. Sannan ka ɗanɗana. Duk shukar da za ka ɗauki irinta, sa ɗanta a baki tukuna. Irin da ya jure kowace cuta amma ba mai son ci, ba wanda zai ci gaba da shuka shi.

Daga F3 zuwa tsayuwar iri

Daga F2 ɗauki shuka 15 zuwa 30 mafi kyau, kowace ƙwayarta a ambulan dabam. Kada ka cakuɗa. Kaka ta gaba kowace ambulan ta zama layi guda mai shuka 12 zuwa 16. Yanzu layin kake karantawa kafin shuka ɗaya-ɗaya. Idan uwar na ɓoye da rauni, kusan 1 cikin 4 na layin zai kamu. In duk 12 suka jure, alhali shaidu sun kamu, yiwuwar cewa sa'a ce kawai kusan kashi 3 cikin 100 ne. Wannan layin ya tsaya a kan juriyar. Yana da muhimmanci, domin wasu ƙwayoyin, kamar Ph-3, ba sa nuna cikakken ƙarfinsu sai an gaje su ta ɓangaren biyu.

Daga layuka mafi kyau ɗauki shuka mafi kyau, ka ci gaba haka. Lambar ta riƙa tsawo tana nuna salsala: 17, sai 17-4, sai 17-4-2. Kowace zuriya tana rage rabin sauran bambancin: F2 ta tsaya kashi 50 cikin 100, F3 75, F4 87.5, F5 kusan 94, F6 kusan 97. Abin da ake gani da ido, kamar launi da siffa da juriyar ƙwaya ɗaya, a zaɓe shi da wuri. Yawan amfani kuwa ba a auna shi a shuka guda, don wurin da ta tsaya ya fi gadonta tasiri. Bari sai F5, lokacin da layukan suka ragu zuwa 5 ko 8, ka shuka kowane a fili 3 dabam-dabam a warwatse, tare da irin da ka saba nomawa, ka auna da sikeli. Ba wa wasu manoma masu ƙasa dabam su gwada, kaka biyu aƙalla.

Idan burinka shi ne tsohon irinka ya dawo yadda yake, da ƙarin juriya ɗaya kawai, hanyar dabam ce. Haɗa F1 da tsohon irin, zaɓi 'ya'yan da suka jure, sake haɗa su da tsohon irin. Komawa ta farko na dawo da kashi 75 cikin 100 na gadonsa, ta biyu 87.5, ta uku kusan 94. Bayan uku ko huɗu, bar su su auri kansu ka nemo masu kwafi biyu. Dole a gwada juriya a kowane zagaye, in ba haka ba za ta sulale ba ka sani ba. Wannan hanyar ta ƙwaya ɗaya ce mai rinjaye. Ba ta dace da juriyar taron dangi ba.

Tun da aka kammala karanta taswirar gadon tumatir a 2012, gwajin DNA ya yi sauƙi. Ana aika ɗan guntun ganyen dashe ɗakin gwaji, su faɗa maka wace shuka ke da Ty-3 ko Ph-3 ko Mi, kwafi ɗaya ko biyu. Karanta gado ne kawai, ba sauya shi ba, don haka bai saɓa ƙa'idar noman da ba sinadari ba. Ga mai neman ƙwayoyi biyu ko uku, yana rage shekaru, yana kuma ba ka damar dasa 20 maimakon 200. Amma waɗannan 20 ɗin ma sai sun shiga gonar gwaji.

Riƙon iri bayan ya tsaya

Tumatir ba ya yawan ɗaukar garin maƙwabci, amma yana faruwa, musamman a irin da tsinken macensa ke leƙowa waje daga mazugi. Ba da tazarar mita 10 zuwa 20 tsakanin filin iri da wani tumatirin, ko ka rufe gungun fure da yadi mai laushi kafin ya buɗe. Ɗebi iri daga shuka 10 zuwa 20, bayan ka tuge duk wadda ta bambanta, kuma kada ka ɗauka daga mai alamar bairas ɗin dabbare-dabbare, domin yana bin ƙwaya. Jiƙa ƙwaya a ruwa mai zafin digiri 50 na minti 25 yana rage cututtukan bakteriya da na fangas da ke bin iri. Yi da ma'aunin zafi a hannu, ka gwada da kaɗan tukuna, don digiri biyu ko uku na ƙari na iya kashe ta. Busasshiyar ƙwaya a kwalba mai murfi, a wuri mai sanyi da duhu, tana kai shekara 4 ko fiye.

Kowace kaka ka ci gaba da sa 'yan shuka na iri mai rauni a gefen gona. Idan su sun kamu naka bai kamu ba, juriyar na nan. Ranar da ka ga naka ya fara kamuwa tare da su, a kai samfur gwaji a gani ko sabon nau'in cutar ne, sannan ka buɗe ambulan ɗin F2 da layukan F4 da ka ajiye, ka shuka su a wurin da cutar ta fi tsanani, ka kuma nemo uba mai wata ƙwayar juriyar dabam don haɗi na gaba.